Zagaye ɗaya, jadawali, FreeRTOS ko Zephyr: wanne ya dace da na'urar da kake ginawa?

Wanda ya wuce matakin kunna LED da kashe ta a kan Arduino, ya fara gina abin da za a kafa a gidan mutum ko a gonarsa ya yi aiki ba dare ba rana, dole ya iso wannan mararraba. Ɗalibin injiniya a BUK ko Kano Poly mai haɗa furojet ɗin shekarar ƙarshe, da mai shago a Sabon Gari da yake son fito da inbata tasa ta kansa, da wanda aka ba aikin na'urar sauya layi tsakanin nefa da janareta, da mai son famfon burtsatse ya riƙa turo masa saƙo idan tanki ya cika, duk tambaya ɗaya ce ke damunsu: in bar komai cikin zagaye ɗaya da 'yan katsewa (siginar da ke sa na'ura ta ajiye aikinta ta yi na gaggawa), ko in ɗauko RTOS, wato ƙaramar manhaja mai raba lokacin na'ura tsakanin ayyuka? In kuwa RTOS ne, wanne?

Hanyoyi huɗu zan auna. Amma gara in faɗi matsayata tun yanzu: abin da ke hana MOSFET, wato transistan da ke kunna wuta mai ƙarfi da kashe ta, ƙonewa ba RTOS ba ne. Hadwaya ne da fifikon katsewa. Amfanin RTOS yana wani wuri daban, wajen ayyukan da suke yawan zaman jira. Wanda ya raba waɗannan biyun a kansa, rabin zaɓin ya ƙare.

## Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Na farko, kuma uban sauran, shi ne wa'adi. Ɗauki takarda ka jera duk abin da na'urarka za ta yi, a gaban kowanne ka rubuta lokacin da idan ya wuce an yi ɓarna. Za ka ga ayyukan sun rabu gida uku. Akwai na maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan): idan inbata tana sauya PWM, wato siginar kunna wuta da kashe ta da sauri, sau 20,000 a sakan, maikurosakan 50 kawai kake da shi a kowane juyi, wato bugu 3,600 na agogon IC mai gudun MHz 72. Akwai na milisakan: wutarmu mai Hz 50 ce, tana ratsa sifili duk bayan milisakan 10, layin sadarwa na UART mai gudun 9600 yana kawo harafi ɗaya duk bayan kimanin milisakan 1.04, a gudun 115200 kuwa duk bayan kimanin maikurosakan 87. Sai kuma na jira: sensar zafi DS18B20 tana buƙatar milisakan 750 kafin ta ba da cikakken awo, SIM800L mai aika saƙon waya kuwa yana iya shafe sakanni kafin ya ce saƙo ya tafi. Wannan takardar ta fi duk wata shawara da wani zai ba ka, har da tawa.

Na biyu tsada. Manhajojin da zan ambata kyauta ne, don haka kuɗin yana fita ta wasu ƙofofi: girman RAM da filash da hanyar za ta ci, wanda shi ke tilasta maka sayen babban IC, sai data ta sauke kayan aiki, sai makonnin koyo. Farashin allunan a Kano yana bin dala, abin da ya fi tsayawa shi ne jerinsu: kwafin Arduino Nano da Blue Pill suna ƙasa, ESP32 da Raspberry Pi Pico ba su yi nisa ba. Shi Pico da dala 4 aka fito da shi a 2021.

Na uku ƙarko, ma'ana na'urar ta yi watanni ba ta sandare ba, cikin zafin Afrilu da ya kan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da wutar janareta mai datti. Na huɗu sauƙin rubutawa da gyarawa, musamman ga wanda zai gaji kod ɗin bayanka. Na biyar irin haɗarin da hanyar take ɓoyewa, don kowace da nata tarkon.

## Fifikon katsewa: abin da ya hau kan kowa

Katsewa ita ce sigina daga taima, ko ADC mai mayar da awon wuta zuwa lamba, ko ƙafar IC, da ke sa maikurokontirola ya ajiye abin da yake yi, ya ruga ya gudanar da ɗan guntun kod da ake kira ISR, sannan ya dawo inda ya tsaya. Duk hanyar da ka zaɓa cikin huɗun nan, katsewa tana sama da ita. Aikin RTOS mafi girman fifiko yana ƙasa da katsewa mafi ƙanƙanta.

A ATmega328P na Arduino Uno da Nano, ba ka da ta cewa game da fifiko. Masana'anta ta riga ta jera su: RESET a sama, sai INT0, sai INT1, haka har ƙasa. Kuma da zarar an shiga ISR ɗaya, sauran katsewa duk a rufe suke sai an fito, sai dai idan kai ka buɗe da hannunka. Saboda haka ISR ɗinka mafi tsawo shi ne jinkirin kowa.

A dangin ARM Cortex-M lamarin ya bambanta. Akwai sashen da ake kira NVIC wanda ke barin katsewa mai fifiko ta katse wadda ba ta kai ta ba, ko da tana tsakiyar aiki. Cortex-M0+, irin na cikin Pico, matakai 4 gare shi. STM32F103 na Blue Pill, mai Cortex-M3, matakai 16 gare shi, kuma yana shiga ISR cikin bugu 12 na agogo idan ma'adanar ba ta jinkirta shi ba. A NVIC ƙaramar lamba ita ce babba: 0 ya fi 15. Kuma duk katsewar da ba ka saita mata fifiko ba, a 0 take farawa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙa'idar jerawa ita ce wa'adi, ba muhimmanci a idon mai saye ba. Saƙon da zai je wayar Alhaji shi ne abin da zai gani ya yaba, amma zai iya jiran sakan biyar. Karan (wutar da ke gudana) da ya yi yawa a MOSFET ba zai jira maikurosakan goma ba. Shi wannan ma bai kamata a bar wa kod ba ko kaɗan: taimar TIM1 ta STM32 tana da ƙafar birki da ke kashe PWM kai tsaye idan kwamfareta, wato da'ira mai kwatanta awo, ta ga karan ya wuce iyaka, ba tare da jiran ISR ba. ISR ya zo daga baya ya rubuta abin da ya faru.

Wani abu da ya shafe mu nan musamman: wutar ƙaramin janareta ba ta da tsabta, kuma da'irar gano ratsa sifili tana iya harba katsewa sau da yawa a wurin da ya kamata ta harba sau ɗaya. Idan ka ba ta babban fifiko ba ka tace ta ba, za ta cinye lokacin kowa. Maganin shi ne a yi watsi da duk wadda ta zo kafin a cika kimanin milisakan 8 da ta baya, ko a shigo da siginar ta taima mai matata. Suwic ɗin tanki mai yawo a kan ruwa kuwa bai cancanci katsewa ba sam; a riƙa leƙa shi duk milisakan 20 ya wadatar.

## Hanya ta ɗaya: zagaye ɗaya da katsewa

Wannan ita ce `loop()` ta Arduino ko `while(1)` ta C. ISR ya ɗauki abin gaggawa, ya ɗaga tuta, zagayen ya zo ya ƙarasa.

A tsada babu mai kama ta. ATmega328P yana da RAM na KB 2 da filash na KB 32, kuma wannan hanyar ba ta cin komai daga ciki. Koyonta kwana kaɗan ne, duk wani mai gyara da ya taɓa Arduino zai karanta kod ɗin ya gane. A ƙarko ma tana da kyau muddin na'urar ƙarama ce, don sitak, wato wurin da kod ke ajiye bayanan wucin gadi a RAM, ɗaya ne, kuma babu wani abu da ke gudana a ɓoye.

Matsalarta ita ce jinkirin amsa daidai yake da zagaye mafi tsawo. Ɗauki na'urar bin sawun adaidaita sahu, wadda ɗalibai ke yawan haɗawa: Uno, da GPS, da SIM800L. GPS yana zubo bayani a gudun 9600, ma'ajiyar karɓa ta Uno kuwa haruffa 64 take ɗauka, wato tana cika cikin kimanin milisakan 67. Layi ɗaya na NMEA, tsarin da GPS ke aiko da bayani, yana iya kaiwa haruffa 82. Saka `delay(100)` ɗaya tak a wani lungu, ka fara rasa haruffa. Ga kuma ƙarin matsala: UART ɗaya ne a Uno, sai a koma SoftwareSerial, kod mai kwaikwayon UART, wanda ke rufe katsewa muddin yana aika ko karɓar harafi, kuma tasha ɗaya kawai yake saurara a lokaci guda. Mutum sai ya yi mako yana zargin eriya ko layin waya, alhali lokaci ne bai ishe shi ba. Blue Pill yana da UART 3, kuma sau da yawa sauya allon ya fi sauya tsarin kod warware wannan.

Tarkunanta ƙanana ne amma suna da dafi: mantawa da `volatile` a kan abin da ISR da zagaye suke taɓawa tare, da karanta lamba mai bit 16 a IC mai bit 8 ba tare da rufe katsewa ba, da kiran `delay()` cikin ISR. Sai `millis()` da ke komawa sifili bayan kimanin kwana 49.7. Wanda ya gwada lokaci ta hanyar ragi ya tsira. Wanda ya yi ta tarawa, na'urarsa za ta rikice wata biyu bayan ya karɓi kuɗinsa.

## Hanya ta biyu: jadawali mai bin bugun taima

Wannan ce hanyar da nake ganin an fi yi wa rashin adalci, don mutane suna tsallake ta su faɗa RTOS. Taima ɗaya tana bugawa duk milisakan 1. Akwai ɗan tebur mai cewa wannan aiki duk milisakan 1, wancan duk 10, wancan duk 500. Kowane aiki idan juyinsa ya zo sai ya yi abin da zai yi ya fita da kansa, ba mai ƙwace masa. Kod ɗin mai rabon bai wuce layuka kaɗan ba, kuma kai za ka rubuta shi.

Sharaɗinta guda ne: ba a jira a cikin aiki. DS18B20 sai ka ba ta umarnin fara awo ka fita, bayan bugu 750 ka dawo ka karanta. SIM800L sai ka aika umarni, ka rubuta matakin da kake, ka fita, ka riƙa leƙowa. Kowane aiki mai jira ya zama jerin matakai, kuma wannan shi ne kuɗin da kake biya. Da aiki ɗaya ko biyu masu jira, abin yana da tsabta. Idan suka kai biyar, kowanne da matakai goma da hanyoyin kuskure, kod ɗin ya kan zama abin da kai kanka ba ka son buɗewa.

A ƙarko ita ce ta fi. Tun da ba mai katse wani, ayyuka ba sa rigima a kan bayanai, sai dai tsakaninsu da ISR. Sitak ɗaya ne. Kuma za ka iya tabbatar da lokutanta da idonka: ɗaga ƙafar IC ɗaya a farkon aiki, sauke ta a ƙarshe, ka duba a osiloskof ko ƙaramar lojik analaiza mai araha. Gani ya kori ji. Haɗarinta shi ne aiki ɗaya da ya zarce lokacinsa yana tura kowa baya, don haka share allon LCD mai HD44780, da ke cin milisakan 1.52, ko rubutu a EEPROM na ATmega, da ke cin kimanin milisakan 3.3, dole a tsara su kada a tsaya jiransu.

## Hanya ta uku: FreeRTOS

Richard Barry ne ya fito da shi a 2003, Amazon ta karɓi kula da shi a 2017, yana kan lasisin MIT, don haka za ka saka shi a kayan sayarwa ba ka biya kowa ba. A nan kowane aiki yana da nasa zagayen da nasa sitak. Idan ya zo jira sai ya kwanta, mai rabon lokaci ya ba wani. Idan aiki mai fifiko ya farka, nan take ya ƙwace. Kod ɗin SIM800L sai ya koma yadda hankali ke so: aika umarni, jira amsa, aika na gaba.

Tsadarsa a RAM take. Ainihin FreeRTOS ƴan KB ne na filash, amma ƙaramin sitak da manhajar saiti ta STM32CubeMX ke ba aiki kalmomi 128 ne, wato bait 512. Ayyuka huɗu sun cinye KB 2, duk RAM ɗin Uno ke nan. A Blue Pill mai KB 20 yana zama daram. A ESP32 kuwa ba zaɓi ba ne: ESP-IDF, kayan rubuta kod ɗinsa, a kan FreeRTOS aka gina shi, har `loop()` ta Arduino a can aiki ce mai fifiko 1, yayin da aikin Wi-Fi ke fifiko 23. Masu yawa suna amfani da RTOS ba su sani ba.

Yaya za ka jera fifikon ayyuka? Liu da Layland sun nuna a 1973 cewa idan aikin da ya fi saurin maimaituwa shi ke da babban fifiko, kuma jimillar lokacin da ayyuka ke ci ba ta wuce wata iyaka ba, to ba wanda zai saɓa wa'adinsa. Iyakar kimanin kashi 83 cikin 100 ce ga ayyuka 2, kashi 78 ga ayyuka 3, tana sauka har ta doshi kashi 69 idan ayyuka suka yi yawa. A ce kana da aikin da ke cin milisakan 1 duk bayan 5, da mai cin 3 duk bayan 12, da mai cin 10 duk bayan 50. Kashi 20 da 25 da 20, jimilla 65, ka tsira. Sai dai lissafin ya ɗauka ayyukan ba sa jiran juna, kuma lokacin da ISR ke ci ma sai ka saka shi.

Yanzu ga tarkunan, kuma a nan ne nake son ka natsu. Na farko, a FreeRTOS babbar lamba ita ce babban fifikon aiki, akasin NVIC inda ƙaramar lamba ce babba. Tsari biyu masu kishiyantar juna a cikin kod ɗaya.

Na biyu ya fi muni. A Cortex-M3 da M4, FreeRTOS yana ja layi a cikin matakan katsewa da `configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY`; a saitin CubeMX layin yana kan 5. Katsewa masu lamba 5 zuwa 15 suna iya magana da RTOS, amma ta hanyar umarnan da suka ƙare da `FromISR` kaɗai. Masu 0 zuwa 4 ba sa taɓa RTOS ko kaɗan, ladarsu kuwa RTOS ba ya taɓa jinkirta su. Ka tuna katsewar da ba a saita ba tana 0? Idan ta kira `xQueueSendFromISR`, na'urar za ta yi aiki lafiya a kan tebur, sannan wata rana ta lalata jerin ayyukan RTOS ɗin ta sandare, ba alama. Kunna `configASSERT` tun ranar farko, shi ke kama wannan. Amma dubi ɗaya fuskar: wannan layin kyauta ce ga mai inbata. ISR ɗin PWM ya zauna a 0 ko 1, sama da RTOS gaba ɗaya, allo da GSM su yi ta rabonsu a ƙasa. Cortex-M0 da M0+ ba su da wannan dama, don a can RTOS yana rufe duk katsewa idan ya shiga sashensa mai tsauri.

Na uku juyewar fifiko. Kamar yaron shago ne riƙe da makullin sito, masu ciniki sun tsare shi a hanya, maigida kuma yana tsaye bakin ƙofa ba yadda zai yi. Ƙaramin aiki ya riƙe makullin wata hanya, matsakaicin aiki ya hana shi gudu, babban aiki yana jiran makullin. Wannan ne ya sami kumbon Mars Pathfinder bayan ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997: aikin tattara bayanan yanayi mai ƙaramin fifiko ya riƙe makulli, ayyukan tsakiya suka danne shi, babban aikin rarraba bayanai ya saɓa wa'adi, kwamfutar ta riƙa sake kunna kanta. Injiniyoyin JPL, cibiyar da ta ƙera shi, sun maimaita matsalar a kwafin da ke ƙasa, suka kunna gadon fifiko a VxWorks, RTOS ɗin kumbon, daga nesa, wato mai riƙe da makulli ya ari fifikon mai jiransa har ya saki. A FreeRTOS makullin `xSemaphoreCreateMutex` yana da gadon fifiko, na `xSemaphoreCreateBinary` ba shi da shi. Idan LCD da agogon RTC suna kan layin I2C ɗaya, na farkon za ka ɗauka.

Na huɗu ambaliyar sitak. `printf` ɗaya mai lamba da ɗigo ya isa ya zarce ƙaramin sitak ya taka na maƙwabci. Auna da `uxTaskGetStackHighWaterMark`, ka kunna `configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW`. Ka kuma lura cewa FreeRTOS na asali yana ƙirga sitak da kalma, na ESP-IDF da bait. Kod ɗin da aka kwafo daga na asali zuwa ESP-IDF zai sami kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake zato. Don na'urar da za ta yi shekara a kunne, ƙirƙiri duk ayyuka da layukan saƙo a farkon tashi, kada ka riƙa ƙirƙira da rushewa tana gudu.

## Hanya ta huɗu: Zephyr

Zephyr ya fito a 2016 ƙarƙashin Linux Foundation, da lasisin Apache 2.0. Ya wuce mai rabon lokaci kawai: yana zuwa da direbobi, da Bluetooth, da tsarin sadarwa, da hanyar bayyana allo da ake kira devicetree, ta yadda kod ɗaya zai koma wani IC ba sai an sake shi ba. Kamfanin Nordic a kansa ya gina nRF Connect SDK, don haka mai aiki da nRF52 kusan hanyarsa ke nan. Fifikonsa ƙaramar lamba ce babba, kuma ayyuka masu lamba ƙasa da sifili wani aiki ba ya ƙwace musu sai sun saki da kansu, abin da ke ba ka damar haɗa salon hanya ta biyu da ta uku a wuri ɗaya.

Tsadarsa lokaci ne da data. Kafin LED ta farko ta kunna sai ka koyi kayan aikinsa, west da Kconfig da devicetree, ka kuma sauke kaya masu nauyi. Saƙonnin kuskurensa suna wahalar da sabon shiga, kuma a Kano za ka fi saurin samun wanda zai duba maka kod ɗin Arduino ko FreeRTOS. Tarkunan ƙwace duk suna nan yadda suke a hanya ta uku.

## A taƙaice cikin tebur

| Ma'auni | Zagaye ɗaya | Jadawali | FreeRTOS | Zephyr |
|---|---|---|---|---|
| Jinkirin amsar aiki | tsawon zagaye | bugun taima da aiki mafi tsawo | gajere ga babban aiki | gajere ga babban aiki |
| RAM | kusan babu ƙari | kaɗan ƙwarai | sitak ga kowane aiki | sitak da kayan da ka kunna |
| Allon da ya dace | Uno, Nano | Nano, Blue Pill, Pico | Blue Pill, ESP32, Pico | nRF52, manyan STM32 |
| Koyo | kwanaki | mako ɗaya ko biyu | makonni | ya fi kowa daɗewa |
| Ƙarko | mai kyau in ƙarama ce | mafi kyau | mai kyau in an auna sitak | haka nan |
| Babban tarko | `delay()` | aiki mai zarce lokaci | fifikon ISR, makulli, sitak | rikitarwar saiti |

Abu ɗaya bai shiga tebur ba don ya hau kan duka: mai gadi, wato taimar da ke sake kunna na'ura idan aka daina taɓa ta. Kada ka taɓa ta daga ISR na taima, don ISR zai ci gaba da gudu ko da sauran kod ya mutu. A taɓa ta ne kawai idan kowane aiki ya nuna yana raye.

## Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Mai na'urar sauya layi tsakanin nefa da janareta, ko mai kula da tanki da famfo ba tare da saƙon waya ba: zagaye ɗaya a kan Nano ya ishe ka, da sharaɗin ba `delay()` ko ɗaya, kuma mai gadi a kunne. Kada ka bari rile biyu, wato suwic ɗin da ke sauya layin, su dogara da kod kaɗai wajen hana haɗuwar layi biyu. A yi musu kulle na waya.

Mai inbata, ko caja ta sola, ko mai sarrafa gudun mota mai lantarki: STM32 da jadawali. Kariya a ƙafar birki, PWM da ADC a katsewa mafi fifiko, allo da maɓallai a teburin milisakan. Wannan ce shawarata ko da kana da RAM na banza, don abin da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi gara ka iya bin kowane maikurosakan nasa a osiloskof. Idan daga baya mai saye ya nemi rahoto ta waya, sau da yawa ƙara ƙaramin IC na biyu ya riƙe sadarwa, su yi magana ta UART, ya fi cusa komai wuri ɗaya.

Mai bin sawun adaidaita sahu, ko famfon gona a Kadawa da ke aiko da rahoto, ko mitar da ke magana da intanet: ayyukanka masu jira sun kai uku ko fiye, GPS da GSM da katin SD da allo, to FreeRTOS. In Wi-Fi ne, ESP32. Amma ka sani ISR ɗin da ba a ajiye a IRAM, wato sashen RAM mai ɗaukar kod, ba ana ɗage shi duk lokacin da ake rubutu a filash, don haka kada ka ɗora masa sarrafa wuta na maikurosakan ba ka yi wannan tanadi ba.

Ƙungiyar da ke shirin fito da kaya iri-iri a kan IC daban-daban, ko masu Bluetooth da ke aiki da ƙaramin batir: watannin koyon Zephyr za su biya kansu. Mutum ɗaya mai kwangilar mako shida kada ya fara da shi.

Ɗalibi mai samista ɗaya a gabansa: gina da jadawali tukuna a kan Blue Pill, ka auna lokutan, ka saka hotunan osiloskof a rahotonka. Idan lokaci ya rage, mayar da shi FreeRTOS ka auna kuma, bambancin kansa babi ne mai kyau. Blue Pill na kasuwa da yawa kwafi ne, don haka gwada shi da ST-Link, na'urar loda masa kod, kafin ka gina komai a kansa.

Wanda kuwa na'urarsa za ta taɓa ran mutum, kamar kwabar jarirai ko injin masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da hannu ke shiga cikinsa, zancensa ya fita daga zaɓin kyauta. Akwai irin su SAFERTOS, mai takardar shaida kan ƙa'idar IEC 61508 kuma na kuɗi, sannan dole a sami da'irar kashewa mai zaman kanta wadda ba ta bi ta maikurokontirola ba.